Waiwaye: Yadda Lamba 4 Ta Hargitsa Jerin Finafinan Star Wars

Duk lokacin da aka saki sabon fim ko shiri mai dogon zango na Star Wars, sai tsohuwar gardama ta dawo ɗanya a shafukan sada zumunta: wanda bai taɓa kallo ba, daga ina zai fara? Wasu su ce a bi lamba, daga 1 zuwa 9. Wasu su ce sam, a bi yadda aka sake su. Akwai ma wani tsari da ya yi tashe a intanet tun 2011, na a kalli 4 da 5, a koma 2 da 3, a rufe da 6, kashi na 1 kuwa a tsallake shi. Mafi yawan masu gardamar suna ɗauka yawan shirye-shiryen 'yan shekarun nan ne ya dagula lissafin. Amma lissafin ya daɗe da dagulewa, tun kafin a haifi da yawansu.

Abin da kowa ya sani ba shi da tsawo. Finafinai uku na farko sun fito a 1977 da 1980 da 1983, su ne kashi na 4 da 5 da 6. Uku suka biyo baya a 1999 da 2002 da 2005, su ne 1 da 2 da 3. Bayan Disney ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ke shirya Star Wars, a 2012 a kan kimanin dala biliyan 4, aka yi 7 da 8 da 9 tsakanin 2015 da 2019, aka kuma saka finafinan Rogue One da Solo a tsakani. Wanda ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya faru daga 1978 zuwa 1981.

Fim ɗin da George Lucas ya fitar ranar 25 ga Mayun 1977 sunansa Star Wars kawai. Rubutun nan mai launin ruwan ɗorawa da ke hawa sama yana ɓacewa cikin taurari ba ya ɗauke da wata lamba. Labarin ma a rufe yake: an tarwatsa Death Star, tashar yaƙin azzalumar Daular da jarumai ke yaƙa, an rataya wa jarumai lambar yabo, kowa ya tafi gida. Sai a Mayun 1980, 'yan kallo suka cika silima don ganin abin da suke ɗauka fim na biyu ne, The Empire Strikes Back, rubutu ya hau allo da cewa wannan kashi na 5 ne. A Afrilun 1981 aka sake haska fim ɗin farko, wannan karon da sabon kai a saman rubutun: Episode IV, A New Hope.

Salon ba daga sama ya faɗo ba. An gaje shi ne daga finafinan kashi-kashi na shekarun 1930 da 1940 irin su Flash Gordon, waɗanda gidajen silima a Amurka ke nuna babi guda kowane mako. Yaron da bai zo makon jiya ba sai ya faɗa tsakiyar labari, rubutun farko ya gaya masa inda aka kwana. Wannan jin na an jefa ka cikin wani abu da ya daɗe yana gudana yana cikin abin da ya sa fim ɗin 1977 ya yi armashi. Sai dai a wancan tsohon salon babin da yaro ya rasa yana nan, an riga an ɗauke shi. A nan kuwa babu 1, babu 2, babu 3. Duk wanda aka miƙa wa littafin Hausa ya ga an rubuta "Littafi na Huɗu" a bango, abin da zai fara tambaya shi ne ina na ɗaya, kuma haka 'yan kallo suka yi ta tambaya har 1999.

Lambar kaɗai da ba ta yi wannan nauyi ba, in ba don wani sauyi da ya faru a kan takarda a daidai wannan tsakani ba. Marubuciya Leigh Brackett ce ta rubuta daftarin farko na fim na biyu, wato kashi na 5, ta rasu a Maris na 1978 jim kaɗan bayan ta miƙa shi. A daftarinta mahaifin Luke Skywalker, jarumin labarin, matacce ne da ke bayyana wa ɗansa a matsayin kurwa, Darth Vader, mugun labarin, kuma wani mutum ne daban, daidai da abin da dattijo Obi-Wan ya gaya wa Luke a fim ɗin farko, cewa Vader ya ci amanar mahaifinsa ya kashe shi. A daftarin da ya biyo baya ne aka haɗe mutanen biyu suka zama ɗaya. Daga ranar, abin da ya wuce a labarin ya fi abin da ke gaba jan hankali. Ta yaya mutumin kirki ya koma wannan mai baƙin ƙarfe a fuska? Guraben nan uku da lamba 4 ta bari suka zama bashi, kuma kowa ya san abin da za a biya da shi.

Nan gizo ke saƙa. Ƙarfin kashi na 5 gaba ɗaya yana kan rashin sani, finafinan 1999 zuwa 2005 kuwa an yi su ne don wanda ya riga ya sani. Wanda ya bi lamba zai shafe finafinai uku yana kallon Anakin, mahaifin Luke, yana girma yana lalacewa har ya zama Vader, to me zai girgiza shi idan Vader ya faɗa wa Luke cewa shi ne ubansa? Haka ma Yoda. A 1980 wani ɗan guntun tsoho kore ne ya fito daga fadama yana binciken kayan Luke, ya ɗanɗani abincinsa ya yamutsa fuska, yana kokawa da mutum-mutumi R2-D2 a kan 'yar fitila har da dukansa da sanda. Ɗan kallo yana dariya, sai can ya gane wannan ne babban malamin da aka zo nema. Wanda ya riga ya gan shi yana tsalle da takobin haske a fim ɗin 2002, an ƙwace masa wannan. An kuma nuna haihuwar tagwaye a 2005, abin da ke tona asirin da aka ɓoye har 1983, cewa Luke da Gimbiya Leia, abokiyar gwagwarmayarsa, ciki ɗaya suka fito. Wanda ya bi shekarun fitowa ya tsira da duk wannan, amma zai yi ta tsalle gaba da baya a zamanin labarin. Kowane ɓangare na da hujja, shi ya sa gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Sauran kuma faci ne a kan faci. A 1983 sai da aka sa Obi-Wan ya kare maganarsa ta farko da cewa gaskiya ce ta wata fuska. A fim ɗin ne Leia ta ce tana tuna mahaifiyarta, kyakkyawa mai yawan baƙin ciki, alhali fim ɗin 2005 ya nuna uwar ta rasu wajen haihuwa. A faifan DVD na 2004 aka cire fuskar ɗan wasa Sebastian Shaw daga kurwar Anakin a ƙarshen kashi na 6, aka sa ta Hayden Christensen, wanda ya fito a matsayin Anakin a 2002 da 2005, don ta dace da sababbin finafinan. A 2014 kuma aka ware tarin littattafan da suka ci gaba da labarin, ciki har da Heir to the Empire na Timothy Zahn na 1991, aka sa musu suna Legends, wato ba sa cikin sahihin jerin.

Masu bibiya sun daɗe da daina dogaro da lamba. Kalandar da suke amfani da ita tana ƙirga shekaru ne daga Yaƙin Yavin, wanda ya rufe fim ɗin 1977. Kashi na 1 yana shekara 32 kafinsa, kashi na 3 shekara 19, shiri mai dogon zango na Andor ya fara saura shekara 5, na The Mandalorian shekara 9 bayansa, kashi na 7 kuwa shekara 34. Rogue One na 2016 ba shi da lamba ko kaɗan. An gina shi ne a kan 'yan layukan rubutun farko na 1977, inda aka ce 'yan leƙen asirin 'yan tawaye sun sace taswirar Death Star, kuma yana ƙarewa ne dab da inda kashi na 4 ya buɗe. Masu bin zamanin labari suna sa shi tsakanin 3 da 4, masu bin shekarun fitowa kuma tsakanin 7 da 8.