Waiwaye: Yadda Ake Raɗa wa Halittun Tekun Zamanin Kambiriya Suna

Ƙaguwar da masunta ke tsinta a cikin koma a Argungu, da kunama, da gizo-gizo, da farar da ake soyawa a kasuwannin Gusau, duk 'yan gida ɗaya ne a wajen masana, wato halittu masu sulke a jiki da ƙafafu gaɓa-gaɓa. Tushen wannan babban gida yana cikin teku, a zamanin Kambiriya, wanda ya fara kimanin shekara miliyan 539 da suka wuce. Ana sanin kakannin nasu ne ta hanyar surarsu da ta daskare a cikin dutse, kuma har gobe ana ci gaba da bayyana sababbin nau'o'i daga cikinsu.

A shekarar 1909 Ba'amurke Charles Walcott ya ci karo da duwatsun Burgess a tsaunukan yammacin Kanada, inda laka ta binne halittu farat ɗaya shekara miliyan 508 da suka wuce, ta adana har ido da hanji da ƙafafu, ba sulke kaɗai ba. Ya tara samfuri kusan 65,000, ya raɗa sunaye masu yawa, ciki har da Marrella a 1912, sai dai ya riƙa cusa kowace halitta cikin dangin da aka riga aka sani.

Labarin Anomalocaris ne ya fi nuna hatsarin wannan aiki. A 1892 Joseph Whiteaves ya ga wani lanƙwasasshen yanki mai ƙayoyi, ya ɗauka gangar jikin jatan lande ce da ta rasa kai, ya ba ta suna Anomalocaris. A 1911 Walcott ya sami wani zagayayyen abu mai kama da yankan abarba, ya ce wata halittar teku ce marar ƙashi, ya kira ta Peytoia. Sai a 1985 Harry Whittington da Derek Briggs, bayan sun bi dutsen suna ɓantarewa sannu a hankali, suka nuna cewa na farkon hannun kama abinci ne, na biyun kuwa baki ne, na wasu manyan mafarautan teku da suka haɗa a ƙarƙashin sunan Anomalocaris. Ko wannan gyaran ma an sake gyara shi, domin a yau ana lissafa Peytoia a matsayin halitta mai zaman kanta, 'yar'uwar Anomalocaris. A ganina ba ganganci ne ya jawo wa masanan farko kuskure ba, gawar da ta wargaje kafin laka ta rufe ta ce ke yaudarar ido.

Shi ya sa ƙa'idar yau ta yi tsauri. Dole mai bincike ya ware samfuri guda da sunan zai rataya a kansa, wanda akan ajiye a gidan tarihi inda wasu za su iya dubawa, ya fayyace abin da ya bambanta shi da makusantansa, sannan ya wallafa. Idan aka gano suna biyu na abu ɗaya ne, wanda ya riga fitowa ke zama.

Fagen ya faɗaɗa a 1984, lokacin da Hou Xianguang ya gano duwatsun Chengjiang a lardin Yunnan na ƙasar Sin, waɗanda suka girmi na Burgess da kimanin shekara miliyan 10. Daga can aka bayyana Kylinxia mai haɗa siffofin dangin Anomalocaris da na masu gaɓoɓin yau a 2020, daga Kanada kuma aka sami wasu 'yan'uwan Anomalocaris, Cambroraster a 2019 da Titanokorys a 2021. Yanzu na'urar hoton ciki tana leƙa dutse ba tare da an fasa shi ba.

Ɗalibin ilmin duwatsu a Gusau ko Birnin Kebbi zai so sanin ko akwai irin wannan a gida. Duwatsun Anka da Maru, masu ɗauke da zinariya, sun girmi Kambiriya, kuma zafi da matsi sun sauya su. Shimfiɗun Gwandu kuwa 'yan baya-bayan nan ne ƙwarai. Tekun da ya taɓa malale yankin Sakkwato ya zo ne ɗaruruwan miliyoyin shekaru bayan Kambiriya, abin da ya bari shi ne ƙasusuwan kifaye da kadoji da manyan ƙadangarun ruwa irin su Goronyosaurus, wanda ya ci sunan Goronyo.