Hanyoyin Ƙafa na Kwarin Nera

Kwarin Nera, wanda Italiyawa ke kira Valnerina, yanki ne na duwatsu da dazuzzuka a tsakiyar Italiya, akasarinsa a cikin yankin Umbria. An san shi da hanyoyin tafiya a ƙafa masu sauƙi da ke bin bakin kogi ko ratsa kurmi. Yawancin hanyoyin nan an gaje su ne daga tsoffin ayyuka, wato magudanan ruwa, layin dogo da turbobin masu ibada. Shi ya sa ba su da hawa mai wuya duk da cewa tsaunuka sun kewaye su.

Kogin

Nera ya taso daga tsaunukan Sibillini a yankin Marche. Yana tafiyar kimanin kilomita 116, ya ratsa Visso, Scheggino, Ferentillo, Terni da Narni, sannan ya faɗa cikin kogin Tiber kusa da Orte. A cikin rassan Tiber babu wanda ya kai shi kawo ruwa, har mutanen wurin suna cewa da Nera bai shayar da Tiber ba, da Tiber bai amsa sunansa ba. Maɓuɓɓugai ne daga cikin duwatsu ke ciyar da shi, don haka ruwansa garau yake, da sanyi, kuma ba ya ƙafewa ko a watan Agusta. A gaɓarsa akwai itatuwa masu son ruwa irin su pioppo da salice. Daga sama kaɗan sai gonakin zaitun, sai kuma kurmin leccio, wani itace mai duhun ganye da ba ya kaɗewa duk shekara. An ware ɓangaren kwarin da ke tsakanin Terni da Ferentillo a matsayin gandun kogi mai kariya a 1995.

Magangarar Marmore da rigimar ruwa

Kimanin kilomita 7 daga Terni, kogin Velino yana zubowa cikin Nera daga tsayin mita 165, a hawa uku, mafi tsayinsu mita 83. Wannan magangara aikin hannun mutum ce. Ruwan Velino yana ɗauke da farar ƙasa mai yawa, wadda ke taruwa ta daskare a bakin tudun har ta zama shinge. Daga kamannin wannan dutse da marmara sunan Marmore ya fito. A zamanin da, shingen ya kan tare kogin, ruwa ya kwanta a filayen Rieti, garin da ke bakin Velino daga sama, ya zama fadama, zazzaɓi ya yi ta kashe mutane.

An fi danganta haƙa magudanar farko ga shugaban Rumawa Manius Curius Dentatus, wajen shekara ta 271 kafin Miladiyya. Da aka fasa shingen, filayen Rieti suka bushe suka zama gonaki masu albarka. Amma ruwan da ya bar na sama, a kan na ƙasa ya sauka: mutanen Terni suka fara fama da ambaliya. Daga nan aka shiga gaba ta ɗaruruwan shekaru. A shekara ta 54 kafin Miladiyya ƙarar ta kai ga hukumar Rum, inda shahararren lauyan nan Cicero ya tsaya wa Rieti. A shekara ta 15 Miladiyya, bayan Tiber ya yi ambaliya a birnin Rum, majalisa ta tattauna batun toshe magudanar, mutanen Rieti suka ce ba su yarda ba, aka bar abin yadda yake.

Bayan rushewar daular Rum babu mai yashe magudanar, farar ƙasa ta sake cika ta, fadama ta dawo. An haƙa sabuwa wajen 1422, ko da yake marubuta sun saɓa kan wanda ya ba da umurnin. A 1545 Fafaroma Paul na III ya aiko magini Antonio da Sangallo ƙarami ya buɗe wata, shi kuwa ya rasu a Terni a 1546. A ƙarshen ƙarni na 16 Fafaroma Clement na VIII ya sa Giovanni Fontana ya zurfafa tsohuwar magudanar Rumawa. Wannan aiki ya yi nasara, har ya haifar da wata matsalar: ƙarfin ruwan da ke faɗowa ya riƙa tare Nera, yana mai da shi baya ya malale gonakin kwarin. Sai a 1787, zamanin Fafaroma Pius na VI, Andrea Vici ya karkatar da ƙasan magangarar, ya ba ta siffar da take da ita yanzu.

Tun 1929 tashar lantarki ta Galleto ke ɗauke mafi yawan ruwan. A wasu sa'o'i da aka tsayar ne ake sakinsa. Ana fara buga jiniya, sannan a buɗe ƙofofi. Cikin 'yan mintoci ɗan siririn ruwan da ke bin dutse sai ya zama farin hayaƙi mai ruri, wanda ke kusa da kai ma sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi.

Hanyoyi shida ne a kewayen magangarar. Ta biyu gajeruwar da'ira ce ta cikin kurmi, mai gadojin katako da gansakuka a kan duwatsu, yara ma suna binta. Ta farko kuwa, wadda ta haɗa ƙasa da sama, matakala ce ɗaruruwa, bai kamata a lissafa ta cikin masu sauƙi ba. Daga jikinta wani rami ya ratsa dutse ya ɓullo a wata 'yar baranda dab da ruwan, inda wanda bai sa rigar ruwa ba zai jiƙe sharkaf.

Tsohon layin dogo na Spoleto zuwa Norcia

An buɗe layin a 1926, an rufe shi a 1968. Tsawonsa kilomita 51 ne, jirginsa da lantarki yake aiki, kuma injiniya ɗan Siwizalan Erwin Thomann ne ya tsara shi. Yana da ramukan dutse 19 da gadoji 24. An cire ƙarafan, an mai da babban ɓangarensa turbar masu ƙafa da masu keke. Da yake jirgi ba ya iya hawa mai tsanani, gangaren layin bai wuce mita huɗu da rabi a kowace mita ɗari ba, kuma wannan ne gatan mai tafiya a yau. Tsakanin Spoleto da Sant'Anatolia di Narco layin yana murɗawa yana zagaye kansa don ya sauka cikin kwari. A nan ne ramin Caprareccia yake, kusan kilomita biyu na duhu da sanyi, sai da tocila. Daga Sant'Anatolia zuwa gaba hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, tana tafe kafaɗa da kafaɗa da kogin. Girgizar ƙasa ta 2016, wadda ta yi wa tsakiyar garin Norcia mummunar ɓarna, ta lalata wasu sassan.

Daga Sant'Anatolia ta ɓangaren kudu, wata turbar ƙasa tana bin kogin ta Scheggino da Ferentillo har Marmore. Filayen gaɓar nan ana kiransu canapine, domin a da ana noma wani tsiro mai zare a cikinsu, kamar rama, ana yin igiya da tufafi da shi. Akwai gidan tarihin wannan sana'a a Sant'Anatolia.

Kurmin Monteluco

Monteluco tudu ne mai kimanin mita 800 da ke fuskantar Spoleto, lulluɓe da tsoffin itatuwan leccio. Sunan ya fito daga kalmar Latin lucus, wato kurmi mai alfarma. A cikinsa an kafa kwafin wani dutse mai rubutu da ake kira Lex Spoletina, wanda ake kyautata zaton na ƙarni na 3 ne kafin Miladiyya. Dokar ta hana sare itace ko fitar da wani abu daga kurmin sai a ranar hadayar shekara. Wanda ya karya zai ba da sa, in kuwa da gangan ya yi, a ƙara masa tarar tsabar kuɗi 300. Ana yawan ambatonta cikin tsoffin dokokin kare daji a Turai. Sai dai asalin dutsen, wanda Giuseppe Sordini ya gano a 1876, a wani ƙauye kusa da Castel Ritaldi aka same shi, don haka danganta shi da Monteluco hasashe ne.

Wajen ƙarni na 5 zuwa na 6 wasu Kiristoci masu kaɗaita don ibada suka zauna a kogunan tudun, jagoransu Ishaƙu mutumin Sham. Ruwayar wurin ta ce Francis na Assisi, shahararren waliyyin Kiristoci, ya zo a 1218. Hanya mafi sauƙi a nan ita ce Giro dei Condotti, wadda ke bin tsohuwar magudanar ruwan sha ta gefen tudu, kusan a miƙe, tana kallon gadar Ponte delle Torri mai tsawon mita 230.

Narni

Can ƙasa da Narni, wata turba ta kimanin kilomita 5 tana bin wani tsohon layin dogo ta ƙauyen Stifone, inda maɓuɓɓugai ke mai da ruwan shuɗi-shuɗi. Akwai wani tsohon rami da aka haƙa a gefen kogin da wasu ke cewa wurin ƙera jiragen ruwan Rumawa ne. Masana ba su haɗu a kan haka ba.

Alamomi da lokaci

Ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Italiya, CAI, wadda aka kafa a Turin a 1863, tana shafa fenti ja da fari a jikin duwatsu da itatuwa, tare da lambar hanya. Harafin T yana nufin hanya mai sauƙi, E kuma wadda ke buƙatar takalmi mai ƙwari da ɗan juriya. An fi jin daɗin tafiya daga Afrilu zuwa Yuni, da kuma Satumba zuwa Oktoba. Abincin kwarin ya haɗa da kifin kogi da tartufo, wani baƙin naman kaza da ke girma a ƙarƙashin ƙasa. Norcia ta shahara da sarrafa naman alade, wanda ke shiga miya da taliya da yawa, saboda haka baƙo Musulmi ya kan tambaya kafin a zuba masa.