Waiwaye: Litinin ɗin da aka yi wa kasuwar Gernika ruwan bama-bamai

Gernika ƙaramin gari ne a yankin Bask da ke arewacin Sifaniya, kimanin kilomita 30 daga birnin Bilbao, kuma tun kaka da kakanni ranar Litinin kasuwarsa take ci. Manoman ƙauyukan da ke kewaye sukan sauko daga tsaunuka da amalanken shanu ɗauke da wake da barkono da cuku, wasu kuma su koro tumaki da maruƙa. Duk wanda ya san yadda gari yake cika ya batse ranar kasuwa zai gane abin da ya sa mutanen wurin, in sun tashi ba da labarin 26 ga Afrilu, 1937, da sunan ranar suke farawa kafin su ambaci kwanan wata.

A lokacin yaƙin basasar Sifaniya ya yi wata tara. Sojojin da suka yi wa gwamnatin jamhuriya tawaye a Yulin 1936, waɗanda Janar Franko ya zama jagoransu, sun sami gudummawar jiragen yaƙi daga Hitila na Jamus da Musolini na Italiya, kuma a ƙarshen Maris 1937 Janar Emilio Mola, ɗaya daga cikin jagororin tawayen, ya juya akalar yaƙin zuwa arewa domin ya ƙwace Bilbao da masana'antun ƙarfenta. Mazauna Gernika ba su wuce dubu bakwai ba, amma garin ya cika da 'yan gudun hijira da sojojin da ke ja da baya. Hukumomi sun yi ƙoƙarin hana cin kasuwa a wannan rana saboda fagen daga ya matso kusa, sai dai manoma da yawa sun riga sun iso da kayansu.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma aka kaɗa ƙararrawar cocin Santa Mariya, wadda ita ce alamar jirage na tafe. Jirgi ɗaya ne ya fara zuwa, ya saki bama-bamansa ya wuce, mutane suka fito daga maɓoya domin su taimaki waɗanda suka ji rauni, sai ga ayarin jirage sun kunno kai rukuni-rukuni. Rundunar Kondo ta Jamus, wadda Wolfram von Richthofen yake tsara wa aiki, ita ce ta yi mafi yawan ɓarnar da jiragen Junkers 52 da Heinkel, tare da 'yan jiragen Italiya. Manyan bama-bamai suka farfasa rufin gidaje da bututun ruwa, sannan aka bi su da dubban ƙananan bama-baman ƙone-ƙone masu nauyin kilo ɗaya, waɗanda suka sami katakon tsofaffin gidaje a buɗe. Waɗanda suka ruga gonaki kuwa, ƙananan jirage suka sauko ƙasa-ƙasa suna binsu da harsashi. An shafe fiye da awa uku ana haka, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na gine-ginen garin suka zama toka. Gadar Errenteria, wadda daga baya aka ce ita aka nufa, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Haka masana'antar makamai ta Astra da ke bakin gari, da tsohuwar bishiyar da shugabannin Bask suke rantsuwa a gindinta.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci wa mutanen garin rai. Wakilin jaridar The Times, George Steer, ya isa a daren wuta tana ci, ya tsinci kwanson bama-bamai masu tambarin Jamus, labarinsa kuma ya fito a Landan da New York ranar 28 ga wata. Ofishin farfagandar Franko ya mayar da martani da cewa babu jirginsu da ya tashi a ranar saboda rashin kyawun yanayi, wai 'yan Bask ne da kansu suka zuba fetur suka cinna wa garinsu wuta. Ranar 29 ga Afrilu sojojin Franko suka shiga Gernika, daga nan wannan ƙarya ta zama ita ce tarihin da hukuma ta yarda da shi har mutuwar Franko a Nuwamban 1975. Mutumin da ya ga jirgi da idonsa, ya binne ɗansa da hannunsa, ba shi da ikon faɗin haka a bainar jama'a na tsawon shekara 38.

Saboda haka labarin ya koma cikin gida, ana ba da shi a ɗakin girki da harshen Bask, wanda shi ma gwamnati ta kore shi daga makaranta da ofis. Wasu iyayen ma ba su gaya wa 'ya'yansu komai ba, don gudun kada yaro ya je makaranta ya yi suɓutar baki. A farkon shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna William Smallwood, wanda ya koyi harshen musamman domin wannan aiki, ya bi gida-gida a asirce yana rubuta shaidar fiye da mutum ɗari. Abubuwan da suke maimaituwa a bakin waɗanda suka tsira ƙanana ne, irin waɗanda rahoton soja ba ya ɗauka: ƙarar ƙararrawa, da ƙarancin iska a cikin maɓoyar da mutane suka cunkushe har wasu suka suma, da fuskar matuƙin jirgi da suka hango saboda tsabar saukowarsa. Luis Iriondo, wanda yake ɗan shekara 14 a ranar, ya sha ba da labarin yadda ya yi ta fara addu'a a cikin maɓoya, amma kowane lokaci ƙarar bam ta katse shi kafin ya kai ƙarshe.

Yawan mamata har yau ana gardama a kansa, kuma gardamar kanta 'yar waccan ƙarya ce, domin waɗanda suka kama garin ba su ƙirga gawa ba, baraguzan ma sai bayan shekaru aka gama kwashe su. Gwamnatin Bask ta lokacin ta ce mutum 1,654 ne suka mutu, 889 suka jikkata. Ƙungiyar masu binciken tarihin garin, Gernikazarra, ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar da ɗari da wani abu, yayin da masanin tarihi Xabier Irujo yake ganin adadin ya kai dubu biyu. A ganina, ƙirga ta hanyar suna ba za ta taɓa cika ba a garin da yake maƙil da baƙin kasuwa da 'yan gudun hijira, waɗanda ba su cikin rajistar kowa a wurin.

Bayan dawowar dimokuraɗiyya baki ya buɗe. A 1987 aka kafa cibiyar binciken zaman lafiya ta Gernika Gogoratuz, a 1989 garin ya ƙulla ƙawance da garin Pforzheim na Jamus, wanda jiragen Ingila suka ƙona a Fabrairun 1945, sannan a 1997 shugaban Jamus Roman Herzog ya aika wa waɗanda suka tsira wasiƙa yana amsa laifin matuƙan jiragen ƙasarsa. Kowace shekara ranar 26 ga Afrilu ana kaɗa jiniya a garin, mutane su tsaya cak a inda suke.

Sai dai Gernika ta sami abin da maƙwabtanta ba su samu ba, wato ɗan jarida a daren farko da kuma zanen da shahararren mai zane Picasso ya yi a kan harin, wanda ya kai sunanta duniya. Kusan mako huɗu kafin nata, ranar 31 ga Maris, jiragen Italiya sun faɗa wa Durango, garin da bai fi tafiyar kilomita 30 daga nan ba, da safe mutane suna cikin coci. An kashe aƙalla mutum 250, har da limaman da ke jagorantar ibada da mata masu zaman zuhudu 14, kuma a can ma ɓangaren Franko ya ɗora laifin a kan abokan gabansa. Mutanen Durango suna taruwa duk ranar 31 ga Maris su tuna da mamatansu.