Taron Unguwa: Amsar Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Ni ne sakataren ƙungiyar mazauna unguwarmu a nan Kaduna. Da zarar taronmu ya matso, ko na bayan Sallah ko na ƙarshen shekara, sai a dawo mini da tambayoyin da na amsa bara da bara waccan: a ƙofar masallaci, a teburin mai shayi, har da kiran waya bayan mutum ya kwanta. Yanzu kuma 'yan wasu unguwanni masu son fara nasu sun shiga sahu. To ga amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ya sake tare ni a hanya, nan zan turo shi.

Wai me ake yi a wurin?

A ci abinci, a gaisa, yara su buga ƙwallo su yi kacici-kacici, ma'aji ya tashi ya karanta lissafi, a yi addu'a, a watse kafin magariba. Iyakar abin ke nan.

Ni ɗan haya ne. Har da ni?

Har da kai. Ƙungiyar mazauna ce, ba ta masu gidaje ba. Mai gidanka yana can Abuja ko Kano, kai ke kwana a layin, kai ɓarawo zai haura wa katanga.

Ban biya karo-karo ba, in zo?

Zo, ɗan'uwa, kar ka ji kunya. Ba wanda zai tsaya a bakin rumfa da littafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma, kuma mun san gidajen da tukunya ba ta hawa wuta sau uku. Wanda ba shi da kuɗi ya zo da ƙarfinsa, ya ɗauko kujeru, ya kama kafa rumfa.

Amma Alhaji, kai da muka san Allah ya hore maka, in an zo karɓa sai ka ce yara su ce ba ka nan, ka ji tsoron Allah. Kuma a daina turo yara da kwanuka alhali uba yana ɗaki yana kallon talabijin. Fuskarka muke nema a wurin.

Taransifoma ta lalace, kwata ta toshe, ku kuna dafa shinkafa?

Wannan ce ta fi ɓata mini rai, domin yawancin masu yin ta ba a ganinsu ranar gayyar yashe kwata. Kuɗin gyara daban, kuɗin taro daban, ba a taɓa wannan don wancan.

Sannan ku tuna garin da muke ciki. Duk wanda ya yi wayo a Kaduna ya san rikicin addinin da ya faru a Fabrairun 2000, da wanda ya biyo baya a Nuwamban 2002. Bayan nan mutane suka kwashe kaya: Musulmi da yawa suka tattara a irin su Tudun Wada, Rigasa da Kawo, Kiristoci da yawa suka tsallaka kogi zuwa Sabon Tasha, Narayi da Romi. Yaran da aka haifa a lokacin sun girma, wasu har sun yi aure, kuma a cikinsu akwai wanda bai taɓa zama tabarma ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. A inda har yanzu ake zaune a cakuɗe, kamar Barnawa da Malali, da sababbin unguwannin da kowa ya ja doguwar katanga ya sa ƙofar ƙarfe, za ka iske mutum ya shekara biyar bai san sunan na jikin gidansa ba. Ranar da jita-jita ta taso cikin dare, wanda ka taɓa cin abinci da shi za ka iya kira ka ce, Malam, me kake ji ta wajenku? Wanda ba ka sani ba kuwa sai zargi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yi gaba ta gaske, Faston har hannu ya rasa a rikicin 1992, amma suka zauna suka kafa cibiyar sasanci tare a 1995 a garin nan. Mu da ba jini a tsakaninmu, zama na awa uku a ƙarƙashin rumfa ɗaya bai kamata ya gagare mu ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, kuɗin taransifomar ma sun fi saurin haɗuwa a layin da mutanensa suka san juna.

Wace rana?

Asabar. Juma'a akwai masallaci, Lahadi akwai coci. A fara bayan azahar, a tsaya a yi la'asar. Kar ku sa taron fili a watan Agusta, ruwa zai kore ku, rumfar haya ba ta tare ruwan Kaduna.

Ina kuɗin bara suka shiga?

An karanta a gaban jama'a, ba ka zo ba. Duk da haka tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙinka ne. Littafin yana wurin ma'aji, rasit ɗin rumfa, kujeru, man janareta da cefane duk suna maƙale a ciki. Je ka duba. Abin da ba na so shi ne a zauna a majalisa ana cewa "an ci kuɗi" ba tare da an buɗe shafi ko ɗaya ba. Masu son fara ƙungiya kuwa ku ji da kyau: kar kuɗin jama'a su kwana a asusun mutum ɗaya, ko da limami ne. A buɗe asusun ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a cire ko kwabo.

Wani ɗan siyasa ya ce zai ɗauki nauyin taron gaba ɗaya. Mu karɓa?

A nan ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ku amsa guda bai taɓa riƙe ƙungiya ba. Ya danganta da wane ne shi, da lokacin da ya kawo, da abin da yake so a yi masa.

In mazaunin unguwar ne, kansila ne ko ɗan majalisa, yana da haƙƙin ba da gudummawa kamar kowa, kuma mayar masa da ita wulaƙanci ne. Ku karɓa, a rubuta a littafi, a ba shi rasit, a ambaci sunansa a jerin sauran masu bayarwa. In kuwa daga waje ya zo, kuma sai da zaɓe ya ƙarato ya tuna da ku, to ni dai ina jin tsoro, ko da yake ba zan ce haramun ba ne.

Na ga yadda irin wannan ya kaya a wata unguwa da aka gayyace mu. Ana cikin kacici-kacicin yara sai ga jerin motoci, samari sun biyo su da huluna masu hoto. Maroƙi ya karɓe lasifika daga hannun malamin da ke yi wa yara tambaya. Wata yarinya da ta ɗaga hannu za ta ba da amsa tana nan tsaye, ba wanda ya sake bi ta kanta. Aka fara watsa kuɗi sama, yara suka rufta, kujeru suka kife. Dattawan da ke ɗaya jam'iyyar suka tattara babbar riga suka fice ko sallama babu. Ɓarnar da ta fi wannan sai da shekara ta zagayo ta fito: aka je karɓar karo-karo, mutane suka ce ai Honorabul zai biya. Shi kuwa ya faɗi zaɓe, wayarsa ma ba ta shiga.

Saboda haka abin da nake ba da shawara, in hali ya yi, kar mutum ɗaya ya ɗauki nauyin komai, ɗan siyasa ne ko ɗan kasuwa. Ku tsayar da iyaka tun kafin kowa ya kawo tayi, a ce misali gudummawar mutum ɗaya ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za a kashe ba, a rubuta a dokar ƙungiya. Ranar da za ku ce masa a'a sai ku nuna takarda, ba zai ce shi kaɗai aka ƙi ba. In ya matsa yana son yin babban abu, ku nuna masa kwalbatin da ya karye ko rijiyar burtsatsen da ta tsaya. Sharuɗɗan ranar taro kuma a faɗa masa baki da baki: ba fosta, ba hula, ba rakiyar samari, ba watsa kuɗi, in an ba shi lasifika gaisuwa ce ta minti biyu kamar yadda za a ba mai unguwa.

Na san wannan yana da sauƙin faɗa. Akwai unguwar da in ba a karɓi kuɗin nan ba taron ba zai yiwu ba sam, kuma ba zan zauna in ce wa mutanen da ke fama su ƙi ba. Akwai kuma inda mutumin nan shi za ku je wa gobe kan maganar wuta ko hanya, ɓata masa rai na iya jawo wa layin duka asara. Wani lokaci ma kafin maganar ta iso kwamiti wani dattijo ya riga ya ce masa an gode, janyewa kuma ta zama cin fuskar dattijon. In kun sami kanku a nan, mafi ƙarancin abin da za ku yi shi ne ku gayyaci na sauran jam'iyyun su ma, da takarda iri ɗaya, kuma kowane gida ya sa wani abu ko yaya yake, ko ledar fiya wata ce, don kar a wayi gari taron ya zama na mutum ɗaya. In kuma kwamitinku ya rabu biyu a kan maganar, ni a ganina gara a yi ɗan ƙaramin taro da zoɓo da waina a ci gaba da gaisawa. Amma ku ne kuka san mutanenku, ni ban san su ba.

Za mu iya rufe layi?

Ɗan lungun da ba ya ɓullewa, e, in duk gidajen ciki sun yarda, kuma an bar hanyar da mota za ta fita da mara lafiya ko mai naƙuda. Titin da motoci da Keke Napep ke bi, a'a, sai kun je wa KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kaduna. Filin makarantar firamare ya fi muku kwanciyar hankali, ku nemi izinin hedimasta da takarda.

Sai mun nemi izinin 'yan sanda?

Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke tun 2007 cewa taron lumana ba ya buƙatar izininsu. Amma ku sanar da DPO a rubuce, ku fara da mai unguwa, ku sa 'yan sintirinku a bakin hanya saboda masu ƙwacen waya. Tsallake mai unguwa rashin ladabi ne, kar ku fara.

Wa zai yi yanka, wa zai yi girki?

Musulmi ya yanka, kowa ya ci hankali kwance. Girki na matan unguwa ne gaba ɗaya, Maman Grace da Maman Aisha a murhu ɗaya, kuma a saya musu itace da kayan miya a kan lokaci, a daina barinsu suna cikawa daga aljihunsu. Ba giya. Addu'ar buɗewa in limami ya yi, fasto ya rufe.

Mata za su zo?

Su suka dafa, a ce kar su zo? Rumfarsu daban, kujerunsu daidai da na maza, kuma da su a cikin kwamiti. Hajiya, in an kira taron shiri ki zo ki faɗi ra'ayinki a can, kar ki bari sai an gama ki aiko da ƙorafi.

Samari suna son a kawo DJ.

A'a. Akwai marasa lafiya, akwai masu jego, akwai lokacin salla. A ba su gasar ƙwallo da kofi, kuma a sa su cikin masu tsara ta.

Muna so mu raba wa yara kyauta, mu sanar a rediyo?

Kada ku kuskura. A Disamban 2024 yara 35 suka mutu a turmutsitsi a Ibadan, a wurin wani bikin yara da aka yi shelar za a raba kyauta, jama'a suka yi wa wurin yawa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sake rasa rayuka a Abuja da Okija wurin rabon abinci. Da yunwar da ake ciki, kalmar "kyauta" kaɗai ta isa ta kwaso muku mutanen unguwa biyar. Ku ƙirga yaranku gida-gida tun da wuri, a zaunar da su a tabarma rukuni-rukuni, babba ya bi su ya miƙa wa kowa a hannu. Ba jefawa, ba layi a ƙofa ɗaya. Almajiran da ke makarantar layinku ku sa su a lissafi tun farko, ku kai wa malaminsu nasu a tsangaya. Ku ajiye ruwan sha da akwatin magani, in akwai nas a unguwar a roƙe ta ta zauna kusa.

Sai mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi?

Don cin shinkafa, a'a. In kuna son asusun banki da sunan ƙungiya ko mallakar fili, to za ku buƙace ta: a naɗa amintattu, a rubuta tsarin mulki, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Ku fara taruwa tukuna.

Wa zai share wurin bayan an tashi?

Mu duka, a ranar, kafin kowa ya tafi gida. Ledar ruwan da kuka bari ita za ta toshe kwatar da kuke ƙorafi a kanta. Kowane gida ya zo da tsintsiya ɗaya da buhu ɗaya, kujerun haya kuma a ƙirga su a gaban mai su kafin ya ɗora a mota.