Idan Jaka Ta Makara Kuma Jirgin Ruwa Na Shirin Tashi: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya sauka a filin jirgin sama bai ga jakarsa ba, idan otal zai kwana ko gidan ɗan'uwa, damuwarsa da sauƙi, domin yana da adireshin da za a kawo masa kayansa bayan kwana ɗaya ko biyu. Amma wanda ya zo don ya hau jirgin ruwan yawon shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Barselona ko Mayami ko Dubai ko Jidda, masaukinsa zai bar gari da yammacin ranar, washegari kuma ya wayi gari a wata ƙasa. Saboda haka jakar sai ta bi sawun mai ita daga tasha zuwa tasha, kuma ko za ta cim masa ko ba za ta cim masa ba ya dogara ƙwarai a kan abin da ya yi cikin sa'a ta farko bayan saukarsa.

Shin jirgin ruwan zai jira har jakar ta iso?

Ba zai jira ba. Jirgin da ke ɗauke da fasinjoji dubu uku ko dubu biyar yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi ya tashi, yana kuma da lokacin da ake jiransa a tasha ta gaba, kuma yawancin kamfanoni suna rufe ƙofar shiga sa'a ɗaya zuwa biyu kafin tashi. Babban kuskure shi ne mutum ya zauna a filin jirgi yana jiran jirgin sama na gaba ya kawo jakar, har jirgin ruwa ya tafi ya bar shi, domin kuɗin cim masa a tasha ta gaba daga aljihunsa za su fito. A Amurka ma akwai wata doka ta 1886 da ta hana jiragen ruwa masu rajistar ƙasashen waje ɗaukar fasinja daga wata tashar ƙasar zuwa wata, abin da kan sa a hana wanda ya makara hawa a tasha ta gaba idan ita ma ta Amurka ce.

Me ke sa jaka ta makara tun farko?

Kamfanin SITA, wanda ke kula da na'urorin bin sawun kaya na yawancin kamfanonin jiragen sama, ya ba da rahoton cewa a shekarar 2023 an samu matsala da jaka 6.9 a cikin kowane fasinja dubu, a 2024 kuma adadin ya sauka zuwa 6.3. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan jakunkuna makara kawai suka yi, ba ɓacewa ba, kuma babban dalilin makarar, wanda ya haura kashi 40 cikin ɗari, shi ne sauya jirgi a wurin yada zango. Wannan kai tsaye ya shafi matafiyin da ya taso daga Kano ko Abuja ko Yamai, domin da wuya ya isa Barselona ko Rum ba tare da ya sauya jirgi a Santambul ko Alkahira ko Doha ko Addis Ababa ba. Idan jirgin farko ya yi jinkiri, fasinja yana iya sauri da ƙafarsa ya samu na biyu, jakarsa kuwa tana can ƙasa ana tantance ta.

Mene ne abu na farko da ya kamata a yi?

Idan bel ɗin da ke zagayawa da kaya ya tsaya, sauran fasinjoji sun watse, aka bar mutum shi kaɗai da amalanken kaya babu komai a kansa, kada ya fita ta ƙofar kwastam. Teburin ƙorafin kaya yawanci yana cikin wannan zauren ne, kuma wanda ya fita ba lallai a bar shi ya koma ba. A teburin za a buƙaci fasfo, da takardar shiga jirgi, da 'yar ƙaramar sitikar nan mai lambobi da aka manna masa a bayan takardar lokacin da ya miƙa jakar. Mutane da yawa suna yar da ita a cikin jirgi, alhali ita ce shaidar cewa kamfanin ya karɓi kayan. Kamfanin da ya kawo fasinja zangon ƙarshe shi ne ke karɓar ƙorafin, ko da a hannun wani kamfanin jakar ta tsaya.

Ma'aikacin zai cike takardar rahoton matsalar kaya da ake kira PIR, ya shigar da bayanin cikin tsarin bin sawun kaya na WorldTracer wanda ɗaruruwan kamfanonin jiragen sama ke amfani da shi, sannan ya ba da lamba mai gurbi goma: haruffa uku na filin jirgin, kamar BCN idan a Barselona ne, haruffa biyu na kamfanin, da lambobi biyar. Wannan lamba ita ce za a tambaya a kowane mataki na gaba, don haka a ɗauki hotonta da waya.

A nan ne mai hawa jirgin ruwa ya bambanta da sauran jama'a. Idan aka tambaye shi adireshi, sai ya faɗa a sarari cewa jirgin ruwa zai hau, ya ba da sunan jirgin da na kamfaninsa, da lambar ɗakinsa, da jerin tashoshin da za a tsaya tare da ranaku da lokutan isa da na tashi, ya kuma tabbatar an rubuta su a cikin fayil ɗin, ba a baki kaɗai aka ji ba. A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a cikin lamarin gaba ɗaya, domin jakar da aka gano da wuri tana iya shafe mako guda a ɗakin ajiya saboda kawai babu wanda ya san inda za a aika ta. Ya kamata kuma a ba da adireshin imel tare da lambar waya, saboda layin waya na gida ba ya aiki a tsakiyar teku sai da tsada mai yawa.

To ta yaya jakar ke cim ma jirgin da ya riga ya tashi?

Kowane jirgin ruwa yana da wakili a kowace tashar da yake tsayawa, wato wani kamfani na garin da ke kula da takardunsa da saƙonninsa da hulɗarsa da hukumomi. Da zarar fasinja ya shiga jirgi, sai ya nufi teburin kula da baƙi ya miƙa kwafin takardar PIR, su kuma su tuntuɓi kamfanin jirgin saman, su ba shi sunan wakilinsu da adireshinsa a tashar da ta fi dacewa. Kamfanin jirgin saman zai manna wa jakar sabuwar alamar gaggawa ya ɗora ta a jirgi ba tare da mai ita ba, ta sauka a filin jirgi mafi kusa da tashar, ta bi ta hannun kwastam, sannan wakilin ko direban da aka ɗauka ya kai ta bakin jirgin ruwa, inda jami'an tsaro za su haska ta da na'ura kafin a kai ta ƙofar ɗaki.

Abin da ke kawo cikas shi ne lokaci. A ɗauki misalin tafiyar mako guda a yammacin tekun Bahar Rum, wadda ke tashi daga Barselona ta tsaya a Marsai ta Faransa, da Jenowa da Nafoli a Italiya, da tsibirin Malta, kafin ta koma inda ta faro. Jirgin kan iso da safe ya tashi da la'asar ko magariba, wato tsayuwar sa'a takwas ko goma ce. Idan an gano jakar a Santambul a daren farko, da wuya ta samu jirgin a Marsai washegari, don haka ma'aikaci mai basira zai tsallake tasha ɗaya ya aika ta ta jira a ta gaba. Jakar da aka aika tashar da jirgi ya bari sa'a biyu da suka wuce sai an sake sabon lale a kanta, shi ya sa yake da kyau fasinja ya riƙa leƙa teburin kula da baƙi kowace rana yana tambayar tashar da aka tsayar.

Akwai kuma tafiye-tafiyen da babu yadda za a yi. Ranar da jirgi ya wuni a teku babu mai kawo kaya, ƙananan tsibiran da kamfanoni suka mallaka a yankin Bahamas ba su da filin saukar manyan jirage, kuma jirgin Queen Mary 2 da ke tsallaka tekun Atlantika daga Southampton a Ingila zuwa Niyu Yok yakan yi kwana bakwai bai tsaya ko'ina ba. A tafiya mai kwana uku ko huɗu ma, sau da yawa ya fi hikima a ce a riƙe jakar a filin jirgin da za a dawo, ko a mayar da ita gida.

Wane taimako kamfanin jirgin ruwa ke yi?

Alhakin jakar ba a wuyansa yake ba, tunda ba a hannunsa ta makara ba, amma yawancin kamfanoni sukan taimaka gwargwadon tsarinsu: su ba da buroshi da man goge baki da sabulu, su yi wanki da guga kyauta cikin dare, wani lokaci su ara wa mutum tufafin zuwa liyafar dare. Wanda ya sayi tikitin jirgin sama ta hannun kamfanin jirgin ruwan yakan fi samun tsayawarsu a kan lamarinsa. Sai dai shagunan cikin jirgi suna rufe muddin yana tsaye a tasha, kayansu da tsada, kuma abin da suke sayarwa riguna ne masu gajeren hannu da gajerun wanduna da kayan ninƙaya. Macen da ke buƙatar doguwar riga da mayafi ko hijabi, ko namijin da ya saba da kaftani da hula, ba za su samu madadinsu a can ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a saka tufafin canji a jakar hannu.

Lamarin ya sha bamban idan jakar ta sauka lafiya daga jirgin sama, aka miƙa ta ga 'yan dako a tashar ruwa, sannan ta ɓace. Wannan tsakanin fasinja ne da kamfanin jirgin ruwa, bisa sharuɗɗan tikitinsa da kuma Yarjejeniyar Atan (Athens) ta 1974 kan ɗaukar fasinjoji da kayansu a teku, a ƙasashen da take aiki.

Wa zai biya kuɗin abubuwan da aka saya a kwanakin jira?

Kamfanin jirgin sama. Dokar da ke aiki a yawancin tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa ita ce Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a watan Nuwamban 2003, kuma Najeriya ta shigar da ita cikin dokar sufurin jiragen samanta ta 2006. Yarjejeniyar ta ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkirin kaya ya jawo, har zuwa wata iyaka da ake lissafawa da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Daga 28 ga Disamba 2024 iyakar ta koma SDR 1,519, wato kimanin dala dubu biyu, kuma ga kowane fasinja ne, ba ga kowace jaka ba. A zirga-zirgar cikin gida ta Amurka iyakar ta fi haka, dala 4,700 ce, kuma ƙa'idar da ma'aikatar sufurin ƙasar ta fitar a 2024 ta wajabta mayar da kuɗin ɗaukar jaka idan ta makara fiye da sa'a 12 a tafiyar cikin gida, ko sa'a 15 ko 30 a tafiyar ƙasa da ƙasa gwargwadon tsawon tafiyar.

Wannan adadi ba kyauta ba ce da ake miƙa wa duk wanda jakarsa ta makara. Iyaka ce ta sama, kuma abin da ake biya shi ne abin da mutum ya kashe a kan buƙata ta gaskiya, kamar tufafin sawa da takalmi da kayan wanka, wanda kuma ya iya nuna rasit ɗinsa. Rasit na shagunan jirgi tawadarsa kan goge cikin 'yan makonni, saboda haka a ɗauki hoton kowane ɗaya a ranar da aka karɓa.

Akwai wa'adin shigar da ƙorafi?

Akwai, kuma a nan mutane da dama ke asarar haƙƙinsu, domin suna zaton takardar PIR ta wadatar. Neman diyyar jinkiri sai an rubuta shi daban an aika wa kamfanin cikin kwana 21 daga ranar da jakar ta iso hannu, idan kuma ta iso a fashe ko a lalace, cikin kwana 7. Wanda jakarsa ta same shi a lalace a rana ta biyu ta tafiyar kwana goma, idan ya ce sai ya koma gida ya huta, kwana bakwai sun wuce tun yana kan ruwa, don haka gara ya aika saƙon da intanet ɗin jirgin ko na tasha. Idan kwana 21 suka cika daga ranar da ya kamata jakar ta iso ba a gan ta ba, fasinja yana da damar neman diyyarta a matsayin wadda ta ɓace, kuma wa'adin zuwa kotu shekara biyu ne. Mai inshorar tafiya shi ma ya duba takardarsa, domin yawancin kamfanonin inshora suna fara biya ne bayan jinkirin ya kai wasu sa'o'i da suka ƙayyade, kuma lambar PIR ɗin nan za su fara tambaya.

Me za a yi tun kafin a bar gida?

Abin da ya fi komai amfani shi ne a isa garin da jirgin ruwa zai tashi kwana ɗaya, ko ma biyu, kafin ranar tashi. Kuɗin otal na dare guda yana da nauyi ga wanda ya canji naira ko sefa, amma yawancin jakunkunan da suka makara jirgin sama na gaba ne ke kawo su, kuma a wannan daren mutum yana da adireshi tsayayye da za a same shi. A guji yada zango mai gajeren lokaci, a kuma guji sayen tikiti biyu daban-daban daga kamfanonin da ba su da haɗin gwiwa. A cire tsofaffin sitikun tafiyar baya daga jikin jaka, a ɗauki hotonta, a saka kwafin jadawalin jirgin ruwa da suna da imel a cikinta daga sama, yadda wanda ya buɗe zai gani. Ƙaramar na'urar bin sawu irin AirTag tana taimakawa, kuma tun ƙarshen 2024 wasu kamfanonin jiragen sama ke karɓar bayanin inda take kai tsaye daga wayar fasinja. Miji da mata da ke tafiya tare za su iya raba tufafinsu tsakanin jakunkuna biyu.

Fasfo da biza da takardun hawa jirgin ruwa da katin banki da caja ba sa shiga jakar da ake miƙawa ko kaɗan. Haka ma magani, musamman na hawan jini da ciwon suga: asibitin cikin jirgi ƙarami ne, kuɗi yake karɓa, kuma ba lallai a samu irin ƙwayar da likita ya rubuta wa mutum ba, saboda haka maganin dukan kwanakin tafiyar, da ƙarin na 'yan kwanaki, a kwalinsa na asali, a jakar hannu ya kamata ya kasance tare da tufafin kwana biyu.