Igor Bondarevsky

Igor Zakharovich Bondarevsky (1913–1979) ɗan Rasha ne, gwanin wasan ces, wato darar nan ta sarki da sarauniya da dawaki da ake bugawa a kan allo mai gida 64. An haife shi ranar 12 ga Mayun 1913 a yankin Rostov da ke kudancin Rasha, ya rasu ranar 14 ga Yunin 1979 a Pyatigorsk. Masanin tattalin arziki ne ta fuskar karatu, amma duniya ta fi saninsa a matsayin malamin da ya kai Boris Spassky ga kambun duniya.

Sunansa ya fara fita ne a Leningrad a 1936, sanadin wani wasa da ya buga da Alexander Kotov. Bondarevsky na riƙe da baƙaƙen 'ya'yan wasa. Ya yi ta kora sarkin Kotov daga maɓoyarsa, sai kuma ya miƙa sarauniyarsa, mafi ƙarfi cikin 'ya'yan wasa, inda babu mai iya cinye ta sai sarkin da kansa. Sarki ya ci, ya tsinci kansa tsirara a tsakiyar allo. Giwa ta tare shi daga gefe, doki ya ƙarasa shi. (Giwa ita ce sunan da Rashawa ke kiran ɗan wasan da ke tafiya a karkace.) Har yau ana nuna wa masu koyo wannan ƙarshe.

A 1940 ya raba matsayi na ɗaya da Andor Lilienthal a gasar zakarun Tarayyar Sobiyet, ya bar su Smyslov da Keres da Botvinnik a baya. Murnar ba ta daɗe ba. A 1941 aka shirya wata gasa ta mutum shida da suka fi maki, Botvinnik ya lashe, Bondarevsky ya zo na ƙarshe. A 1948 ya samu gurbin shiga gasar masu neman kambun duniya, rashin lafiya ta hana shi zuwa Budapest a 1950. A shekarar ce hukumar wasan ces ta duniya, FIDE, ta sa shi cikin mutum 27 na farko da ta ba lambar giranmasta, wato babban gwani. Akwai kuma wani salon buɗe wasa da ke ɗauke da sunansa tare da na Tartakower da Makogonov.

Spassky ya zo hannunsa a farkon shekarun 1960 yana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Sau biyu yana faɗuwa a zagayen ƙarshe na gasar ƙasa, a hannun Tal a 1958 da Stein a 1961, kowanne kuma ya raba shi da hanyar kambun duniya. Malaminsa na baya, Alexander Tolush, mutumin kai hari ne. Bondarevsky ya ƙara masa haƙuri da tsare gida da juriyar doguwar karawa, har ya zamo ba shi da wani ɓangaren wasa da za a ce nan ne lagonsa. Aikin ya nuna kansa: Spassky ya doke Keres da Geller da Tal a 1965, ya sha kaye da ƙyar a hannun Tigran Petrosian, mai riƙe da kambun a lokacin, a 1966 da maki 12½ da 11½, ya sake hawowa ta kan Geller da Larsen da Korchnoi, sannan ya karɓe kambun daga hannun Petrosian a Mosko a 1969 da 12½ da 10½.

Sun rabu ana shirin karawar Reykjavik ta 1972 da Bobby Fischer na Amurka. Spassky ya tafi ba tare da shi ba, kuma a can ya rasa kambun.

Matar Bondarevsky, Valentina Kozlovskaya, ita ma babbar gwana ce a wasan mata na Tarayyar Sobiyet.