Wayar fiba da ɗaurin shekara 10: me dokar ta ce game da manomi?

Akwai wani saƙon murya da yake ta yawo a WhatsApp, wai gwamnati ta yi doka duk wanda fartanyarsa ta taɓa wayar intanet da aka binne, wato fiba, to shekara 10 ce a gidan yari, wasu har sun ƙara gishiri wai in aka kafa ƙarfen sabis a gonarka shi ke nan ta zama ta gwamnati ba diyya. Har ana zuga masu unguwanni su hana masu haƙa shigowa gari. Jama'a wannan tsoron mu zai cuta, kuma ba haka zancen yake ba.

A 2024 ne Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, wato wayoyin fiba da ƙarafan sabis da cibiyoyin ajiye bayanai. Hukuncin da ake ta ambato ba sabo ba ne, tun 2015 yana cikin Dokar Laifukan Intanet, sashe na 5.

To ga inda masu saƙon suka tsallake. Sashen ya ce wanda ya aikata laifin da gangan, sai an tabbatar a gaban alƙali cewa da niyya ya yi. Manomin da yake huɗa bai ma san akwai waya a ƙasa ba, babu wata alama da aka kafa, ina niyyar take? In sakaci ya yi kamfani na iya binsa kuɗin gyara, wannan magana ce daban. Sannan shekara 10 ɗin ita ce ƙololuwa, dokar cewa ta yi kada ya wuce haka, alƙali na iya yanke ƙasa da ita. Abin da yake da tsauri da gaske shi ne babu zaɓin tara, in an same ka da laifi sai ka yi zaman. In ɓarnar ta jawo wa wani mummunan rauni ya kai har shekara 15, in ta jawo asarar rai ɗaurin rai da rai ne.

Waɗanda ya kamata hankalinsu ya tashi su ne masu satar batir da man dizal a gindin ƙarfen sabis, da masu tono waya su kai wa 'yan jari bola. Abin takaici ma fiba zaren gilashi ne, babu jan ƙarfe a ciki, mutum ya kashe wa ƙauyuka sabis a kan abin da ba zai sayu ba.

Maganar gona kuwa, yawanci gefen titi ake bi da wayar, shi ya sa ma kamfanoni ke biyan jihohi kuɗin izinin haƙa, wanda aka yi matsaya a kan naira 145 duk mita ɗaya, Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. Filin ƙarfen sabis kuma galibi haya kamfani yake yi ko ya saya. In gwamnati ce ta karɓi fili don amfanin jama'a, Dokar Filaye ta 1978 ta tanadi diyyar amfanin gona da gini. Ka dai tabbatar an rubuta takarda da shaidu kafin a sa diga.

Ni abin da yake damuna daban ne. Tsarin intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 da aka yi zamanin da Pantami yake ministan sadarwa ya yi alƙawarin gudun intanet na 10Mbps (ma'aunin saurin intanet ke nan) a karkara, yanzu kuma ana maganar shimfiɗa fiba kilomita 90,000, ga mutanenmu har gobe suna hawa tudu neman sabis don su tura kuɗi. Duk wanda yake Zamfara a 2021 da aka rufe layuka ya san yadda kasuwa take mutuwa ba sabis. Saboda haka kare wayar nan daidai ne, ina goyon baya. Amma da yawa daga cikin yankewar fiba wajen aikin titi ake yinta, katafilar 'yan kwangila ce take tsinke ta, kuma su ne za su fi saurin fakewa da cewa ba da gangan ba ne. In an tashi kame ya zama yaron da ya saci batir kaɗai ake gurfanarwa, babban kamfanin da aka nuna wa taswirar inda waya take ya haƙa duk da haka yana tafiyarsa, to ba a yi adalci ba.